Ya ce ba zai ƙara shan maganin ba sai an gaya masa gaskiya

Wasiƙar wannan mako daga Aboabo ta fito, a nan Kumasi. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Hajiya. Yayata ta rasu shekara uku ke nan, ta bar yara biyu. Namijin yana hannuna, yanzu shekararsa 10. Macen mai shekara 6 tana Ejura wajen kakarta ta wajen uba. Bayan rasuwar yaron ya yi ta ciwo, gudawa, ƙuraje, kunne na zubar da mugunya, ga rama. A asibiti aka gwada shi aka ce yana ɗauke da HIV. Ranar na gane abin da ya yi ajalin yayata. Aka ɗora shi a kan magani, ya murmure, ya koma makaranta. Ban gaya wa kowa ba, har maigidana. Kowa sikila ya sani, shi ma yaron haka na ce masa. Makon jiya ina shara na ɗaga katifarsa, na tarar da ƙwayoyi ƙulle a leda, sun fi goma. Da na tsare shi sai ya ce akwai mai sikila a ajinsu kuma ba irin wannan maganin yake sha ba, shi ba zai ƙara sha ba sai na gaya masa gaskiya. Na doke shi, daga baya na shige ɗaki na yi ta kuka. Hajiya, yaro ne, in na gaya masa zai faɗa a waje, ga gidanmu na haya ne, mutane cike. Ina kuma jin tsoro don kwano ɗaya suke ci da 'ya'yana. Ina jin masu magani a rediyo suna cewa suna warkar da ita, har na fara tunanin gwadawa. Ubansa ya sake aure a Accra, na ji matar tana da ciki. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan yayarki, Ya kai haske kabarinta, ke kuma Ya saka miki da alheri. Shekara uku kina riƙe da wannan magana ke kaɗai, ba mai tayaki ko da da "sannu", kuma yaron ya tashi daga gadon ciwo ya koma aji a hannunki. Wannan aikin uwa ne, don haka ɗanki zan riƙa kiransa.

Akwai abin da ba zai jira ba, da shi zan fara. Kada ki tsaya sai ranar da aka rubuta miki a kati. Cikin makon nan ki ɗauki ledar nan yadda kika same ta, ki tafi da shi inda kuke karɓar magani, ki ajiye ta gaban nas ki faɗa mata abin da ya faru. Zuciyarki za ta ce miki za a yi miki faɗa, ko a ɗauke ki marar kula. Ma'aikatan da ke duba yara sun saba da wannan. Yaro ya danne ƙwaya a ƙarƙashin harshe, ya kurɓi ruwa, ya buɗe baki a ga babu komai, ya zagaya bayan ɗaki ya tofar a kwata. Wanda ya tara a leda ma da sauƙi, don an ga shaida.

Dalilin gaggawar shi ne, maganin nan ba kashe ƙwayar cutar yake yi ba, danne ta yake yi ya hana ta hayayyafa. In ana sha yau a bari gobe, sai ta samu sarari ta hayayyafa alhali akwai ɗan ragowar magani a jini wanda bai kai ya danne ta ba, kuma a irin wannan hali ne take sauya kama ta daina jin maganin. In haka ta faru dole a canza masa wani, ga shi magungunan yara ba su kai na manya yawa ba. A asibiti za su auna nauyinsa, su duba shi, wataƙila su ɗebi jini don gwajin yawan ƙwayar cutar. Gwajin nan akan yi shi wata 6 bayan fara magani, a sake a wata 12, daga nan shekara-shekara, ko duk lokacin da aka ga alamar matsala irin wannan. Kafin ku je, ya koma sha daga yau, a gabanki. Kada ki ninka masa don a cike na baya.

To, ga maganar da kika rubuto dominta. Ki gaya masa, ƙanwata. Lokaci ya yi, kuma shi da kansa ya nuna miki ya yi.

Yaron da ya kalli maganin abokinsa ya kalli nasa ya ga sun bambanta, ya riƙe abin a ransa, ya nemo hanyar da zai tilasta ki magana, ya wuce a yi masa wasa da hankali. Ya iya karatu. Sunan maganin yana jikin robar, in ma kin ɓare takardar yana cikin katin asibiti. Wayar wani yayansa a tsakar gida ta ishe shi, ya rubuta sunan ya ga amsa cikin minti ɗaya. Ko ya ji a bakin wasu a kan bencin asibiti kuna jiran layi. Sanin zai sani. Abin da ya rage a hannunki shi ne a bakin wa zai ji, kuma wa zai kasance kusa da shi a lokacin. In a waya ya gani da dare shi kaɗai, hotunan mutanen da suka ƙanjame zai fara cin karo da su, ya kwana da su a ransa ba wanda zai tambaya.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan wannan, ta ce yaran da suka kai shekarun makaranta a sanar da su halin da suke ciki, ƙanana kuma a riƙa buɗe musu sannu a hankali gwargwadon hankalinsu, ta yadda kafin shekara 12 yaro ya san sunan abin da ke jikinsa. Abin da masu kula da yara suke gani shi ne, yaron da aka gaya wa yakan shiga damuwa na wani lokaci, ya yi kuka, ya yi shiru, daga baya ya sake, kuma ya fi riƙe maganinsa don ya san me yake yi masa. Wanda aka ɓoye wa har ya balaga ya gano da kansa, shi ne yake fushi da kowa, ya ce duk gidan maƙaryata ne, ya yi watsi da magani a shekarun da ba mai iya tsare shi. Ɓoye wa maƙwabta daidai ne, kuma ki ci gaba da yi. Mai jikin dai ba a ɓoye masa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yadda za ki yi kuwa yana da muhimmanci kamar yin kansa. Ba lokacin da ranki yake ɓace ba, ba lokacin shan magani ba, ba kuma inda 'ya'yanki ko mutanen gida za su jiyo ba. Ki zaɓi ranar da ba makaranta, ki aiki sauran yaran, ki zauna da shi a ɗaki. Ki fara da ba shi haƙuri. Na san a gidajenmu babba ba ya ba yaro haƙuri, amma a nan wajibi ne, kuma ba zai rage miki girma ba. Ki ce masa: "Ka yi haƙuri da dukan da na yi maka, tsoro ne ya kama ni. Kuma ka yi gaskiya, ba sikila ba ce. Lokacin da aka gano kana ƙarami, na faɗi abin da na ga za ka iya ɗauka. Yanzu ka girma, zan gaya maka, kuma daga yau duk abin da ka tambaye ni ba zan yi maka ƙarya ba." Wannan alkawarin shi ne ginshiƙin komai. In kika yi shi, ki riƙe shi.

Sai ki yi masa bayani yadda nas-nas suke yi wa yara. A cikin jinin kowane mutum akwai sojoji masu tsaron jiki, su ne suke korar mura da gudawa da ƙuraje. Shi akwai wata ƙwayar cuta da aka haife shi da ita wadda take kashe sojojin nan. Ki tuna masa lokacin da kunnensa yake ciwo, yana kwance ba ya iya zuwa ƙwallo, ki ce a lokacin sojojinsa sun ragu. Maganin da yake sha yana sa ƙwayar barci, sojoji su yawaita. In ya daina sha ta farka. Wannan duk gaskiya ne, babu abin da za ki janye daga baya.

Sunan kuwa, HIV, na fi so a faɗa masa a asibiti, ke da mai ba da shawara, shi yana tsakaninku. Ki fara ganinta ke kaɗai ku tsara. A yaro ƙarami akan ɗauki watanni tsakanin bayanin farko da faɗin suna, amma ɗanki ya riga ya nemi gaskiya da bakinsa, don haka kada a ja shi da nisa. In kuma a zaman farko ya dube ki ya ce "HIV ce?", kada ki ce a'a. Ki ce e, ki jawo shi jikinki. A wuraren karɓar magani da dama akwai waɗanda ake kira Models of Hope, mutanen da su ma suna ɗauke da ƙwayar, suna shan magani, suna taimaka wa sababbin zuwa. Ki roƙa a haɗa shi da ɗaya daga cikinsu. Ya ga babban mutum lafiyayye, mai ƙiba, mai aiki, ya ce masa "ni ma irin naka nake sha", wannan ya fi duk wa'azin da ni da ke za mu yi masa. Ki kuma tambaya ko suna da ranar yara da matasa, don ya san ba shi kaɗai ba ne. A Ghana masu ɗauke da ƙwayar sun haura 330,000, kuma dubbai daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ki shirya wa tambayoyinsa. Ba lalle a ranar zai yi su ba. Wataƙila sai bayan kwanaki, kina tsaka da tuƙa tuwo, ya tsaya a bayanki ya jefo miki.

Ta farko ita ce, zan mutu? Ki ce masa rai na Allah ne, amma wannan ƙwayar ba ta kashe mai shan maganinsa kullum. Ki faɗa da ƙarfin zuciya don gaskiya ce. Tsoron da ke zukatan mutanenmu tsoho ne. An fara gano cutar a Ghana a 1986, kuma sai a 2003 aka fara ba da maganin a asibitocin gwamnati. Tsakanin nan mutane sun ga 'yan'uwansu sun rame sun mutu ba abin yi, shi ya sa har yau in aka ambaci ƙanjamau a Zango sai a ga kamar an ambaci likkafani. Alhali ɗauke da ƙwayar daban, ƙanjamau daban. Ƙanjamau shi ne matakin da garkuwar jiki ta ruguje cututtuka suka yi wa mutum taron dangi, kuma mai shan magani yadda ya kamata ba ya kaiwa can. Yaran da aka haifa da ita aka fara ba su magani tun lokacin da maganin ya fara zuwa, yau manya ne, wasu sun yi aure sun haifi 'ya'ya marasa ita. Wanda maganinsa ya danne ƙwayar har gwaji ba ya ganinta a jini, ba ya sa wa matarsa. In ya tambaye ki ko zai yi aure, amsar ke nan, sauran bayani ya jira balagarsa.

Ta biyu ta fi zafi: a ina na samo, kuma ita ce ta kashe Mama? Sama da 90 cikin 100 na yaran da ke da ita daga uwa suka samu, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. In uwa ba ta shan magani, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne suke kamuwa. In tana sha, ba su kai 5 ba. Ki gaya masa hakan, ki kuma ce mamansa ba ta taɓa nufinsa da cuta ba, ta ba shi nono ne don tana sonsa, kuma ita ba ta samu maganin a kan lokaci ba yadda shi ya samu. Ki tsare mutuncin yayarki a gabansa. Ke ba ki san ta inda ta samu ba, ba kuma wanda ya sani. Mata da yawa a ɗakin aurensu na sunna suka samu, wasu ta ƙarin jini a shekarun baya, wasu ta aska ko allura. Wannan ƙofar ki rufe ta, kada ki bari wani ya buɗe masa ita da zato.

Batun zai faɗa a waje, na fahimci tsoronki, na san gidan haya. Magana takan fita daga ɗaki ta isa famfo kafin a idar da sallar azahar. Amma yara sun fi yadda muke zato iya riƙe sirri, in an gaya musu dalili kuma an ba su inda za su sauke. Yaron da ya ɓoye ƙwaya kwana da kwanaki ba ki sani ba ya iya riƙe magana. Ki ce masa: "Wannan ba abin kunya ba ne, ba laifinka ba ne, amma mutane da yawa ba su fahimce shi ba, za su iya gudunka a banza. Don haka maganarmu ce, ni da kai da nas." Ki ƙidaya masa da yatsu waɗanda zai iya yi wa maganar kowane lokaci. Ba dole ba ne a gaya wa makarantar boko ko malamin allo. Dokar Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Ghana ta 2016, wadda ake kira doka ta 938, ta hana a tona asirin mai ɗauke da ƙwayar, ta kuma hana a hana shi karatu saboda ita. In wani ya kore shi ko ya tozarta shi, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ tana karɓar irin wannan ƙara. In kuma kina fargabar haɗuwa da idon sani a inda kuke zuwa, kina da damar neman takardar sauya wuri. Ana ba da maganin a Komfo Anokye, da Manhyia, da Suntreso, da Tafo, da asibitin Kumasi ta Kudu da ke Atonsu, kuma kyauta ne.

Kwano kuwa, ki kwantar da hankalinki. Ba a ɗaukar HIV a kwanon tuwo, ko moɗa, ko buta, ko bayan gida, ko tabarmar kwana. Ba ta bin yawu, ba ta bin gumi, sauro ba ya ɗaukar ta daga wannan ya kai wa wancan. Shekara uku suna cin waken safe a kwano ɗaya, su ci gaba. Ranar da kika ware masa kwano kin gaya wa duk gidan, kin kuma karya masa zuciya. Jini ne abin kiyayewa: kowa da rezarsa, kowa da burushinsa, in ya ji ciwo a wanke a ɗaure. Wajen wanzami, ko aski ne, ko kaciya, ko ƙaho, a sa sabuwar reza, kuma wannan doka ce ga kowane yaro a gidan, ba shi kaɗai ba. In har ranki bai kwanta ba, ki kai 'ya'yanki a gwada su sau ɗaya, ɗigon jini ne daga yatsa, ba ya kai rabin awa, ki huta da wasuwasi.

Maigidanki fa? Ke kika san mijinki, ni ban san shi ba. In mutum ne mai duka ko mai saurin kora, ki fara shawara da ma'aikatan asibiti kafin ki buɗe baki. In ba haka ba, ra'ayina shi ne ya sani. Ki yi tunanin ranar da za ki kwanta ciwo, ko ki tafi biki Tamale, ko ki shiga wankan jego. Wa zai tsaya a kan maganin? Yaro mai shan magani kullum yana bukatar babba na biyu. Kuma mutumin da yake ciyar da maraya shekara uku, ya fi kyau ya ji daga bakinki da ya tsinta a waje. Kina iya tafiya da shi asibiti a yi masa bayani a can, don maza da yawa sun fi karɓar magana daga bakin likita.

Masu maganin rediyo da na bakin kasuwar Kejetia, kada ki kai musu ko sidi ɗaya. Har yau babu sassaƙe ko tsimi ko ƙwayar da take fitar da HIV daga jiki. Ga yadda ake ruɗar mutane: mutum yana shan maganin asibiti, ya haɗa da na gargajiya, ya je gwaji a ce ba a ga ƙwayar a jininsa ba, sai mai sassaƙe ya ce aikinsa ne, a daina na asibiti. "Ba a gani ba" ba warkewa ba ce. Ƙwayar tana nan laɓe a jiki, maganin ne ya danne ta, kuma in aka daina cikin makonni take dawowa. Wasu haɗe-haɗen ma suna wahalar da hanta da ƙoda, ko su rage wa maganin ƙarfi. Addu'a kuwa ki yawaita, ki tofa masa, ki koya masa ya yi wa kansa da mahaifiyarsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani. Wanda aka samu zuwa yanzu shi ne wannan da ke hannunki. Duk malamin da ya ce a ajiye shi don a gwada tawakkali, ki tashi daga gabansa.

Sauran kulawar kin riga kin san yawancinta. Ki riƙa lura da awon nauyi, don da nauyi ake ƙayyade maganin yara, yana girma ana ƙara masa. Mai yiwuwa yanzu dolutegravir yake sha haɗe da abacavir da lamivudine. In ya kai kilo 30 akan mayar da shi kan ƙwaya ɗaya tak a rana irin ta manya, ki gaya masa wannan, zai ba shi abin sa rai. Kada ki sayo masa maganin ƙarin jini ko na ƙarfin ƙashi a kemis ba tare da kin tambaya ba, don sinadaran da ke cikinsu suna iya hana dolutegravir shiga jiki in aka sha su tare. Tari, zazzaɓin da ya ƙi sauka, ramewa, ko wani mai tarin fuka a gidan, duk a kai shi da wuri, tarin fuka shi ne babban abokin gabar masu wannan ƙwayar. Ya kwana cikin gidan sauro, katin inshorar lafiyarsa kada ya mutu. Abinci kuma ba sai na masu kuɗi ba: koko da ƙosai, wake, ƙwai, kifi, miyar ayoyo ko kontomire, gyaɗa, lemo. In azumi ya zo zai so ya yi kamar sa'o'insa. Bai wajaba a kansa ba tukuna, amma in lafiyarsa ta yi kyau kuma sau ɗaya yake sha a rana, ki yi magana da nas tun watan Sha'aban a mayar da lokacin shan zuwa bayan buɗa-baki.

Akwai mutane biyu a wasiƙarki da kika ambata a gurguje, ni kuwa su suka fi tsaya mini a rai.

Ta farko ƙanwarsa da ke Ejura. Ba ki ce an gwada ta ba. Duk ɗan da uwa mai ɗauke da ƙwayar ta haifa ya kamata a gwada shi, ko da ya fi kowa ƙiba. Jariran da suka kamu ba a ba su magani ba, kusan rabinsu ba sa kai shekara 2, amma wasu ƙwayar takan yi musu tafiyar hawainiya, su kai shekara bakwai, goma, har fiye, ba alamar kirki sai ɗan rashin girma ko yawan laulayi, ana ta cewa mayu ne ko shawara ce. Ɗanki yana cikin irin waɗannan, shi ya sa sai yana shekara 7 aka gano. Mai yiwuwa ita ta tsira, don ba kowane ɗa yake kamuwa ba, amma ba a sani da ido. Ki roƙi kakarta ta ba ki ita hutun makaranta, ki kai ta. A shekarunta gwajin yatsa ya wadatar.

Na biyu jaririn da ke cikin matar ubansu. Ba mu san halin uban ba, akan samu ma'aurata ɗaya yana da ita ɗaya ba shi da ita. Amma haƙƙinsa ne ya san abin da ke jikin ɗansa, kuma ya gwada kansa. Ki kira shi ya zo Kumasi a kan maganar yaro, kada ki yi ta a waya, kada ki yi ta da zargi. Ki ce masa likita yana son ganin uba, ki bar su su yi masa bayani. Matarsa in tana zuwa awon ciki, ana gwajin HIV a can, to ya tabbata ta yi, ta kuma maimaita a watannin ƙarshe. In aka same ta da ita, za a ɗora ta a kan magani nan take, ta haihu a asibiti, a ba jaririn maganin ruwa na kariya tun ranar haihuwa, a ƙara masa Septrin, maganin da ke kare shi daga wasu cututtuka, daga mako 6. Jariri ba a yi masa gwajin yatsa irin na manya, don har zuwa wata 18 jininsa yana iya ɗauke da alamun garkuwar uwarsa, sai gwajin ya nuna yana da ita alhali babu. Nasa daban ne, ana ɗan soka dunduniyarsa a ɗiga jini a kan wata takarda a kai ɗakin bincike a nemi ƙwayar kanta, a kusan mako 6, a sake a wata 9, sannan gwajin ƙarshe a wata 18 ko wata 3 bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya. Za ta iya shayar da shi muddin tana shan maganinta kullum, nono zalla wata 6 na farko, ba ruwa, ba koko, ba jiƙo. Ciki ba ya jira, don haka wannan kiran ki yi shi kafin watan nan ya ƙare.